Masu gina kayan ado da yumɓu, daga ina suke samo fasali?

Ɗan Maginiya:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Innata maginiyar tukwane ce a ƙauyenmu nan gefen Birnin Kudu, randa da tulu da kasko muke kaiwa kasuwa, to yanzu roba ta kashe cinikin. Ina ganin wasu a Facebook suna gina abubuwa da yumɓu ba na zuba ruwa ba, na ajiyewa a falo kawai, wani kamar fure wani kamar dodon koɗi kuma wai da tsada ake saye. Su daga ina suke samo fasalin? Ina so in gwada amma in na zauna gaban yumɓu tulu kawai hannuna ya sani.

Na Wudil:
Wa alaikumussalam ƙanena. Ciro naira 20 ka juya bayanta, matar nan mai gina tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya. Wajen gwaggonta ta koya, a 1954 ta shiga makarantar tukwane ta wani Bature Michael Cardew a tsohuwar Abuja wato Suleja ta yanzu. Ƙadangare da kunama da kada da kifi take zanawa jikin randunanta, abin da ta tashi tana gani a garinsu, kuma har Landan aka baje kolinsu. Ginin hannun da ta gada bata bari ba, sai dai aka ƙara ƙyalli da wuta mai ƙarfi.

Maman Ummi:
Haba ɗana, kana Birnin Kudu kake neman fasali? Je Dutsen Habude ka kalli zanen shanun nan na mutanen da, ka duba yadda suka ja ƙaho. Sannan ka ɗauko 'ya'yan kuka ka fasa ka ƙare wa cikin kallo, ko shurin gara da ƙofofinsa, ko goruba. Kakata totuwar masara take mirginawa a wuyan tulu tun yana ɗanye sai ka ga zane ya fito reras, wallahi har yau ban ga na kanti da ya kai shi kyau ba. Ga kuma tatsuniya da tarihi, Gizo da Ƙoƙi, rijiyar Kusugu ta Daura da macijin da Bayajidda ya kashe, in ka gina rijiyar da takobi a bakinta kowane Bahaushe zai gane.

Almajirin Malam:
Shawara tayi kyau Hajiya, sai dai a kula da gina siffar mai rai, ya fara tambayar malaminsa tukunna. Itatuwa da furanni da dagi da zayyanar allo duk suna nan, ba zasu ƙare ba.

Na Wudil:
Haka ne Malam. Ƙanena wani abu kuma, kar ka gina shi dunƙule, ka rarake cikin ka bar 'yar huda ta ƙasa, ka daka tsofaffin kasake ka haɗa da yumɓun ka shanya a inuwa sai ya bushe ƙayau, in ba haka ba fashewa zai yi a wuta.

Ɗan Maginiya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Da 'ya'yan kuka zan fara. Yaya Na Wudil, hudar kamar yaya girmanta, tsinke ya isa?