Wane suna ya dace da na'urar da ake dasawa kusa da laka don zogin da ya gagari magani?

'Yan'uwa masu fassara da malaman asibiti, ku zo mu tsayar da magana a kan spinal cord stimulator. Na ga an rubuta "injin kashe ciwo", na ga "batirin baya", na kuma ga "na'urar zaburar da laka". Ko ɗaya bai kwanta mini ba.

Amma kafin na'urar, sai mun daidaita kan abin da take yi wa aiki. "Ciwo" a bakinmu ya haɗa cuta da raɗaɗin da cutar ke jawowa, shi ya sa a nan na fi son "zogi". Sannan don Allah mu daina mayar da chronic "mai tsanani". Tsanani daban, daɗewa daban. Likitoci na nufin zogin da ya wuce wata 3 yana nan ko yana dawowa, kuma haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sabon kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. "Zogi mai naci" ya ɗauke wannan. Idan kuma an bi magunguna yadda ya kamata, allura da ƙwaya da gashin ƙashi, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ina ba da shawarar "zogi gagara-magani", a kan ƙirar gagara-badau da gagara-misali. Kunnen Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba.

To, ita na'urar. Ana zura siraran wayoyi ta tsakanin ƙasusuwan baya a ajiye su a sararin da ke bayan rigar laka, ba cikin lakar kanta ba. Ɗan batiri kuma a binne shi ƙarƙashin fata, galibi a saman ɗuwawu ko gefen ciki. Yana aika lantarki kaɗan-kaɗan. Asalin dabarar daga Ronald Melzack da Patrick Wall ne, waɗanda a 1965 suka ce akwai wata ƙofa a laka inda saƙon taɓi ke iya rage wucewar saƙon zogi zuwa ƙwaƙwalwa. Abin da uwa ke yi ke nan idan yaro ya bugu ta yi maza ta murza wurin. A 1967 Norman Shealy, wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Amurka, ya fara dasa irinta ga mai cutar daji. Yau ana amfani da ita ga wanda aka yi wa tiyatar baya amma zogin ƙafa bai tafi ba, da masu zogin jijiya irin wanda ciwon suga ke sa wa tafin ƙafa.

"Kashe ciwo" na ƙi shi ne don alkawari ne da na'urar ba za ta cika ba. Kafin a dasa ta dindindin sai an yi gwaji na kamar mako guda da wayoyin wucin gadi, kuma idan zogin ya ragu da rabi ana ɗaukarsa nasara. Rabi fa. Waya kan goce daga mazauninta, wurin kan kamu da ƙwayoyin cuta, batiri kan buƙaci canji. Ƙungiyar Cochrane ma, mai tantance binciken lafiya, da ta tattara binciken da aka yi kan amfani da na'urar ga ciwon ƙugu a 2023 ba ta ga hujjar amfani mai ɗorewa ba. Mutumin da ya shekara goma ba ya barci, ya sayar da gona don zuwa asibitin waje, bai kamata sunan da muka raɗa ya zama cikin abin da ya ruɗe shi ba. Wannan ya fi damuna a kan daɗin kalma.

"Zaburar da laka" kuwa bin Turancin ne sawu da ƙafa, kuma mai karatu zai zaci ana ƙara wa marar kuzari ƙarfi ne, tunda muna cewa wane ba shi da laka a jiki. "Batirin baya" ya faɗi abin da ake gani, ya bar aikin.

Abin da nake kawowa shi ne "na'urar tare-zogi ta laka", a taƙaice "tare-zogi". Tarewa ba kashewa ba ce. Wanda ya tare hanya, wani abu na iya kubce masa, kuma hakan yake. Ƙirar ma tamu ce, irin ta hana-salla da ƙare-dangi.

Na san za a ce ai allurar da ake yi wa jijiya ita ma tare zogi take yi. Gaskiya ne, kuma wannan riba ce: sai mu ce "allurar tare-zogi" ga waccan, "famfon tare-zogi" ga ɗan famfon da ke ɗiga mofin, wani maganin zogi mai ƙarfi, cikin ruwan laka. Tiyatar da ake yanke ko ƙone hanyar zogin gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wa wasu masu cutar daji, ita sai ta zama "datse-zogi", don mai jinya ya ji tun daga sunan cewa wannan ba a mayar da ita baya.

Wuri ɗaya ne nake neman ra'ayinku, musamman 'yan'uwanmu na Sakkwato da Maraɗi da Damagaram: "laka" ko "lakka" za mu rubuta, kuma "zogi" ko "zugi" ya fi yawa a bakin marasa lafiyarku?