Tambaya kan SWI/SNF da ciwon daji

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Ina karatun likitanci a nan Zariya, kwana uku ke nan wani darasi ya ƙi shiga kaina.

Na gane DNA na naɗe jikin furotin histon guda 8, kamar zare a mazari, kuma SWI/SNF (gungun furotin mai buɗe naɗin DNA) ke amfani da ATP (makamashin ƙwayar halitta) ya gusar da su don a karanta ƙwayoyin gado. Har na zana a bayan littafina. Amma ciwon dajin rabdoyid na ƙananan yara, galibi rashin SMARCB1 (wani ɓangare na SWI/SNF) kaɗai ke jawo shi. To in mai buɗewa ya lalace, ai rufewa za a yi, ta ina ƙari ke samun ƙarfin girma? Ko EZH2 (furotin mai rufe ƙwayoyin gado) ne ke rinjaye ya danne irin su p16 (ƙwayar gado mai hana ƙari girma)? Don Allah a warware mini kafin Litinin.