Aikin gida kan dokin teku ya haɗa ni da surukata, ina neman shawara

Maman Auta, Nima:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina a jagule yake. 'Yata mai shekara 6 tana aji ɗaya a wata makarantar kuɗi nan Accra. Ni na nace aka sa ta can, don na ga yadda karatun yayyenta ya tafi. Rabin kuɗin daga cinikin waakye, wato shinkafa da wake, nake biya, tun kafin kiran asuba nake hura wuta. Surukata tun farko ba ta so, kuma tun da muka baro Kumasi muka dawo gida ɗaya da ita, ko tsintsiya na ajiye sai ta sami abin faɗa. A bar wannan dai.

Malamarsu ta ce kowane yaro ya zana rayuwar wata dabba daga haihuwa zuwa girma. Wasu suka ɗauki kaza, wasu kwaɗo, ita kuwa ta ɗauko dokin teku, ɗan kifin nan mai dogon baki da jela a naɗe. Ranar Juma'a bayan an sauko, falo cike da baƙin Hajiya surukata, sai yarinyar nan ta ɗaga takardarta ta ce, "Kaka, wannan kifin namijin ne yake ɗaukar ciki ya haihu. Baba ma zai iya?" Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ta ce a cire ta daga makarantar. Litinin za a kai aikin. In bar ta ta kai, ko in sa ta zana kaza? Shin gaskiya ne ma abin?

Tsohon Malami, Aboabo:
Wa alaikumus salam 'yata. Gaskiya ne, ki kwantar da hankalinki. Ƙwai na macen ne. Kafin nan sai su yi ta zagaya juna, launin jikinsu na sauyawa, wani lokaci jela a sarƙe da jela. Sannan macen ta zuba ƙwanta a cikin wata jaka da ke gaban cikin namijin. A can yake ba wa ƙwan iri, ya rufe jakar, yana ba su iska yana daidaita musu gishirin ruwan da ke ciki. Galibi bayan sati 2 zuwa 4 sai ya kama ciyawar ruwa da jela ya yi ta yunƙuri, 'ya'yan su riƙa fitowa, kowanne wajen santimita 1, amma da kamannin iyayensa cif. Wasu jinsunan 'yan gomomi suke haifa, manya kuma har fiye da 1,000. Daga nan ba reno, kowa tasa ta fisshe shi, shi ya sa ƙalilan ne suke kai wa girma. Kada ki taɓa zanen yarinyar.

Hajiyan Madina:
Ni waɗannan ayyukan gida ne suka ishe ni. Wancan zangon aka ce jikana ya gina gida da kwali, na sayi gam da fenti da kuɗina, ni na zauna har tsakar dare na haɗa, aka ba shi 6 cikin 10. Malamai su koyar a aji mana. Ki sa ta zana kaza ki huta.

Baban Yara, Sabon Zongo:
Malam, da girmanka, amma ba maganar gaskiya ko ƙarya ake ba. Duk dabbobin da Allah ya halitta, sai wanda namiji ke haihuwa za a nuna wa 'yar shekara 6? Ba mu manta hayaniyar da aka yi a ƙasar nan a 2019 kan darasin jima'i a makarantu ba. Da kaɗan-kaɗan ake farawa. Hajiya ta fi mu hangen nesa.

Maman Auta, Nima:
Yaya, ba malamar ce ta zaɓa mata ba, ita ta gani a littafin hotuna ta ce shi take so. Kuma makarantar nan tana da kyau, yarinyar har ta fara karanta allon trotro, wato motar haya. Da yamma tana zuwa makarantar allo, ba sakaci na yi ba.

Tsohon Malami, Aboabo:
Baban Yara, halittar Allah ce, ba Bature ya ƙera ta ba. Kuma ba daga nesa aka kawo ba, akwai jinsinsa a tekunmu na Afirka ta Yamma, tun daga Senegal har Angola, yakan faɗa komar masunta. Ana busar da shi a sayar zuwa Asiya don maganin gargajiya, har sai da aka sa shi cikin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji, dokar ta fara aiki a 2004. Kai, ba ma sai dokin teku ba. Akwai karfasa mai baƙin haɓa a tafkunan bakin tekunmu da namijin yake riƙe ƙwai a bakinsa har su ƙyanƙyashe, kuma muna ci da dokunu, tuwon masarar nan tamu, ba wanda ya ce uffan. 'Yata, ki ce wa yarinyar: uwar ce ta yi ƙwai, uban ya ajiye mata a jaka, mutane kuma uwa ce ke haihuwa. Shi ke nan. In tana son ƙari, ki gaya mata ba shi da haƙori ba shi da tumbi, da bakin nan yake zuƙar ƙananan halittu yini guda, kuma kowane idonsa na juyawa daban.

'Yar Maamobi:
Yaya, duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ba kifi ne damuwar Hajiya ba, makarantar ce da kika zaɓa ba da yawunta ba. Ni tawa surukar a kan sunan jariri muka yi wata uku ba ma magana. Ina maigidan yake a duk wannan? Me ya ce?

Maman Auta, Nima:
Ba na son in sa shi a ciki. Kuma ba zan iya ce mata ta yaga zanen ba, ta yi masa kala ruwan ɗorawa, ta zana 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya har fensirin ya ƙare. Amma in ta kai, Hajiya za ta ce na raina ta.

Hajiyan Madina:
To ki kai wancan a ɓoye, ki manna na kaza a bango Hajiya ta gani.

Tsohon Malami, Aboabo:
Subhanallah, a koya wa yarinya munafunci a kan kifi? A'a.

Maman Auta, Nima:
Ni dai ban ce zan yi ba. Malam, wannan bayanin jakar, in na karanta wa Hajiya ba za ta ce na kai ƙararta waje ba?