Falona 12 by 12 ne, wace irin kujera zan sa da ba za ta cinye wurin ba?

Ummu Hanan:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Bikina ya kusa, gidan da aka kama mana a Kano ciki biyu da falo ne, amma falon ƙarami ne sosai, ƙafa 12 by 12, kuma ƙofa uku ce ta buɗo cikinsa, ta shigowa da ta kicin da ta koridon ɗakuna. Umma da gwaggonnina sun dage sai an yi min cikakken seti irin royal ɗin nan masu manyan hannu da sassaƙa a baya, mai zaman uku da mai biyu da ɗaiɗai guda biyu, wai haka ake wa kowace amarya kar dangin miji su zo ganin ɗaki su ce an gaza. Ni kuma wallahi na je gidan ƙawata da aka yi wa irinsu falonta ma ya ɗan fi nawa, a karkace ake wucewa, ko wurin shimfiɗa dadduma babu sai ta ja santa tebur gefe. Ina ganin siraran kujerun nan masu ƙananan hannu a Instagram sun min kyau amma ina tsoron ko ba su da ƙarko ko ba daɗin zama. Waɗanda suka sani ku taimaka min kafin a ba kafinta kuɗi.

Maman Sadik:
Wa alaikissalam amarya, Allah ya sa alheri ya kai mu lokacin. Kafin komai ki samo tef ki je gidan da kanki ki auna kowane bango daga kusurwa zuwa bakin ƙofa, don 12 by 12 ɗin nan suna ne kawai, ƙofa uku ta riga ta cinye miki kusan ƙafa 9 na bango, ga bangon da tibi zai hau. Inaga bango ɗaya ne cikakke zai rage miki da rabin wani. In kin auna ki ɗauki alli ko tsofaffin kwalaye ki zana girman kujerun a kan tayil, sannan ki kira Umma ta zo ta gani da idonta ta gwada wucewa daga ƙofa zuwa kicin kamar tana riƙe da tire. Iyayenmu ba a cin su da gardama amma in suka ga abu a ƙasa suna yarda.

Ni nawa sirara ne, mai uku da mai biyu kawai, ƙafafunsu a ɗage, kuma abin da na fi so ke nan, tsintsiya da mofa suna shiga ƙasa, lokacin hunturu da ƙura take yawa ba sai na jira maigida ya dawo ya taya ni jan kujera ba.

Kafinta Na'ibawa:
Hajiya sana'ata ce wannan, bari in ba ki lissafin da muke yi a shago. Mazaunin mutum ɗaya inci 22 ya wadatar, na uku inci 66 ke nan. To royal hannunta ɗaya kan kai inci 10 wani ma ya fi, biyu inci 20, sai ki ga mai zaman uku ta tashi inci 86 ko sama, alhali in aka yi hannun inci 4 za ta tsaya a 74 kuma mutum ukun nan dai su za su zauna, ba a rage musu komai ba. Yanzu ki ƙirga cikakken seti, kujera huɗu hannu takwas, inci 80 ke nan, kusan ƙafa 7 na falonki ya tafi a hannu kawai wanda ba mai zama a kai.

Sai faɗinta daga bango zuwa gaba, nan ne mutane ba sa kula. Manyan suna kai inci 38 zuwa 40 saboda bayansu a kwance yake da tudun sassaƙa, siririya kuma 30 zuwa 32 ta isa. Falonki inci 144 ne, in kika sa manya biyu suna kallon juna saura 64 a tsakiya, in sirara ne saura wajen 84. Amma kar ki bari a matse ta ƙasa da 30, daga nan sai ta zama bencin asibiti, cinya ba ta samun wurin hutawa. Tsayin mazauni daga ƙasa inci 17 ko 18 saboda dattawa masu ciwon gwiwa su iya tashi.

Maganar ƙarko kuwa ba girma ke kawo shi ba, katako ne da soso. Ki ce a nuna miki firam ɗin tun kafin a rufe shi da yadi, busasshen katako mai nauyi, in da hali maɗaci, don ɗanye in iskar hunturu ta buge shi sai ya tsage ya fara ƙara. Soson mazauni kuma a sa mai ƙarfi, ki danna da tafin hannu ki ga ya dawo nan take, siririyar kujera ba ta da tulin da za ta ɓoye soso mara kyau, wata shida za ki fara jin katako. Kuma ki auna ƙofar shigowa, yawanci ƙafa 3 ce, da firam ba ta ma cika ba, mun sha kai kaya gidan amarya sai an cire ƙyaure.

Abu Ammar:
Ni da za ki ji tawa mai L za a yi miki, ta kwanta a kusurwa ɗaya ta ɗauki mutum biyar, sauran falon duk naki ne. Ko kuma kujerun ƙasa irin na Larabawa da tumtum, sun fi komai rashin cin wuri.

Maman Sadik:
Malam mai L tana da kyau amma gidan haya ne fa, in suka tashi suka tarar kusurwar sabon gidan ta ɗaya ɓarin take shi ke nan ta zama kaya. Sai dai in za a yi ta gida-gida yadda za a iya rabawa a juya. Na ƙasa kuma surukai in sun zo tashi zai musu wuya.

Hajiya Yaya:
'Yata ki fahimci Ummanki, ba son wahalar da ke take ba, mutuncinki take karewa, mu a zamaninmu da yawan jere ake gane 'yar gata, kuma har yau akwai masu shiga ɗakin amarya suna ƙirga kujeru da ido. Kar ki ce mata royal tsohon yayi ne, zai mata ciwo. Ki ce mata kina son kuɗin ɗaiɗai biyun nan a ƙara a yadi mai kyau da labule da kafet, masu zuwa ganin ɗaki abin da ke fara ɗaukar idonsu ke nan. Kuma ki tuna gidan Bahaushe tsakiyar falo ita ce wurin cin abinci da salla, nan baƙi mata za su baje ranar suna, nan za a jefa katifa in ƙannenki sun zo hutu. Yadi kuma kar ki biye wa hoton waya ki ɗauki fari tas, ki nemi ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske, leda kuwa ki bar ta, zafin watan Afrilu ga ba wuta mannewa take a jiki kuma mai arhar ɓarewa take.

Ummu Hanan:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Na je na auna, babban bangon ƙafa 12 ne cif, ɗayan kuma ƙafa 7 da rabi ne kafin ƙofar kicin. Umma ta ga zanen alli ta yarda da mai uku da mai biyu, amma ta ce lallai a ƙara ɗaya tilo ta maigida. Malam Kafinta in an yi ta mara hannu za ta shiga gefen mai ukun?

Kafinta Na'ibawa:
Za ta shiga Hajiya. Mai uku 74, mara hannu 24, 98 ke nan, bangon inci 144 ne saura 46, in kin cire inci 32 na kusurwar da mai biyu za ta tokare saura 14, ƙaramin stul na ajiye kofi zai zauna a tsakaninsu.