Tsohon tur na CNC ya ƙi jin maganar ordinatar, a taimaka

Mai_Tur_Zongo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya sayo tsohon injin tur na CNC daga Turai, wato injin da ke juya ƙarfe yana yankansa bisa program, na'urar da ke sarrafa shi Fanuc 0-T ce, irin na wajen 1990, injin lafiya lau yake yankan ƙarfe. Matsalar duk program sai na tsaya ina danna shi da yatsa layi layi, aikin bulon ɗaya sai ya ci mani safiya. A gefensa akwai wani soket mai rami 25, na sayi adapta ta USB da waya na jona da laptop, ina danna INPUT sai alarm 086 ya fito. Wa ya taɓa yin wannan a nan Damagaram?

Ɗan_Birni:
Wa alaikumussalam. Malam wayarka ce, ba injin ba. 086 injin na cewa bai ga kowa a ɗayan bakin ba. Wannan soket RS-232 ne, tsohuwar hanyar jona na'ura da ordinatar, kuma wayar shago ba ta yi, da hannu ake haɗa ta, duk mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai yi maka. A bakin injin mai 25 ɗin ka haɗe 4 da 5, sannan 6 da 8 da 20 wuri guda, su ne ke kashe 086 ɗin. Sai ka ja 2 zuwa 2, 3 zuwa 3, 7 na injin zuwa 5 na bakin adapta mai 9, shi ke nan waya uku. Amma don Allah kar ka bar komai ya taɓa lamba 25, wuta volt 24 ce a kanta, adapta za ta ƙone nan take. Kar wayar ta wuce mita 15, kuma kar ka bi da ita kusa da injin walda.

Tsohon_Makaniki:
Ƙanena ni kam kafin zancen program, ka kwashe parameters na injin, wato lambobin saitinsa, ka aje. Pil ne ke riƙe su, irin manyan nan na tocila, ran da suka mutu injin na kashe to komai ya tafi, kuma wanda ya saida muku yana can Turai bai san kuna yi ba. Da zarar waya ta yi aiki wannan ne abu na farko da za ka turo cikin laptop, kwafi ɗaya a kile ta USB, ɗaya a wayar maigida. In za ka canja pil injin na kunne ake yi, ka zaɓi lokacin da wuta ta zauna, ka san halin lokacin zafi a garin nan.

Mai_Tur_Zongo:
Allah ya saka da alheri, Baba na kwashe su jiya. 086 ya tafi, ƙaramin program na shiga, amma dogo sai ya kai tsakiya ya tsaya da 087.

Ɗan_Birni:
Madalla, ai ka kusa. 087 injin ya ce dakata laptop ta ƙi dakatawa, in harafi ya wuce 10 bayan ya ce a tsaya sai ya jefa alarm. Duba software ɗinka ka sa XON/XOFF, wato siginar da injin ke cewa ci gaba ko dakata, data 7, parity even, stop 2, gudu 4800, a injin kuma parameter 552 ya zama 10, in 11 ne to 9600 yake jira. Shiga Device Manager na Windows wajen COM ɗin, wato bakin adaptar, ka ja FIFO, inda haruffa ke taruwa kafin a tura su, ƙasa gaba ɗaya. In ya ci gaba to adaptar ce, masu arhar nan sai a hankali, nemi mai chip na kamfanin FTDI ko ka ba masu zuwa Kano saƙo. Ni dai da za ka ji tawa, tsohuwar desktop mai COM a bayanta ka samu ka kulle ta a akwati saboda ƙura, ba ta buƙatar adapta sam.

Mai_Tur_Zongo:
552 ɗin 10 ne, FIFO ne ban taɓa ba. Bari a kawo wuta in gwada.