Gishiri kaɗai ya isa ya kashe farin ɗigo a tankin kifi?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Kifayena sun fito da farin ɗigo kamar an yayyafa musu gishiri, suna ta goga jiki da tsakuwa. Tankin lita 100 ne, da ƙananan kifayen ado iri biyu, molli shida da koridoras huɗu. An ce in zuba gishiri kawai, babu buƙatar magani. Haka ne?

Baba Mai Koi: Wa alaikumus salam. Haka ne, ɗana. Shekara da shekaru ina kiwon kifin koi, ban taɓa sayen maganin farin ɗigo ba. Gram 3 a kowace lita, tankinka gram 300 ke nan. Narkar da shi a bokiti, ka zuba kashi uku cikin kwana biyu. Gishiri ya isa.

Hajiya Mai Tetra: Baba, a yi min afuwa, amma ban yarda ba. Kifinka koi ne, shi da molli suna ɗaukar gishiri. Yaron nan yana da koridoras. Na taɓa bin irin wannan shawara, cikin kwana uku na kwashe koridoras biyar a mace, ciyayin tankin ma suka ruɓe. Har yau abin yana damuna, don da hannuna na zuba.

Baba Mai Koi: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma kin tabbata gishirin ne ya kashe su? Cutar nan in ta kama wurin numfashi, ita kanta tana kisa cikin kwanaki.

Hajiya Mai Tetra: Ɗigo biyu-uku ne a jikinsu, suna cin abinci lafiya. Da gishiri ya shiga suka fara haurowa sama suna haki.

Ɗalibin Dabbobi: Iyayena, ku ba ni dama. Sai mun san yadda ƙwayar cutar ke rayuwa kafin mu yanke hukunci. Sunanta Ichthyophthirius multifiliis. Farin ɗigon da ake gani ita ce a binne cikin fatar kifi, tana ci. A can gishirin da ke cikin ruwa ba ya kai mata, magungunan kanti ma haka. In ta ƙoshi sai ta faɗo, ta manne da tsakuwa ko gilashi, ta yi wa kanta kwanso, ta rarrabu ɗaruruwa. 'Ya'yan nan su ne ke fitowa suna iyo suna neman kifi, in ba su samu ba cikin kamar kwana biyu su mutu. A wannan ɗan lokacin na iyo ake cin galabarta. Saboda haka in ɗigo ya ɓace, ba warkewa aka yi ba, ta sauka ƙasa ne tana haihuwa. Mutane da yawa a nan suke canza ruwa su zubar da gishirin, bayan mako cutar ta dawo ta ninka.

Baba Mai Koi: To ai maganata ke nan. Ni sai na bar gishirin kwana goma zuwa sati biyu bayan ɗigo na ƙarshe.

Ɗalibin Dabbobi: Nan kam kana da gaskiya, Baba. Gishiri ma yana sauƙaƙa wa kifi ta wata hanya. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, don haka kullum ruwa yana shiga jikinsa, gishirin jikinsa yana fita. Fatar da ƙwaya ta huhhuda ta fi yoyo. Ɗan gishiri a ruwa yana rage masa wannan wahala, yana kuma hana naitirayit, gubar da ke samuwa daga dattin kifi, shiga jininsa. Inda na rabu da kai shi ne kalmar "kaɗai". An samu nau'o'in ƙwayar da ke jure gram 3. Kuma ba duk abin da ke sa kifi goga jiki ne farin ɗigo ba. Tsutsar da ke kama wurin numfashi, da maganin praziquantel ake kashe ta. Ƙwarƙwatar kifi kuwa ba ta damu da wannan awon ba.

Hajiya Mai Tetra: Shi ya sa na koma maganin malachite green da formalin, rabin awo ga kifi mara ɓawo irin koridoras.

Baba Mai Koi: Shi ma guba ne, Hajiya. Formalin yana cinye iskar ruwa, malachite green yana taɓa kifin tetra ɗinki in an wuce awo. Maganin da ke da jan ƙarfe a ciki kuwa, jatan lande da dodon koɗi ba sa tsira. Gishiri ko banza na san abin da na zuba.

Hajiya Mai Tetra: Ka san abin da ka zuba ranar farko. Bayan nan fa? Ruwa yana tafiya a tururi, gishiri ba ya tafiya. Mutum ya ga ruwa ya ragu, ya cika da ruwan gishiri, awo ya hau bai sani ba.

Baba Mai Koi: Wannan kuskuren mai zubawa ne. Ruwan da ya ƙafe, da ruwa zalla ake cikewa. Wanda ka ɗebe da hannunka shi kake mayar wa gishirinsa.

Sabon Shiga: Kaina ya ɗan ɗaure. An kuma ce in ɗaga zafin ruwa zuwa digiri 30.

Ɗalibin Dabbobi: Zafi yana gaggauta zagayen rayuwarta, ta yi saurin fitowa inda za a kashe ta. Amma ruwan ɗumi iskarsa kaɗan ce, ga kifi yana fama da numfashi. In za ka ɗaga, ka ɗaga a hankali, ka ƙara injin hura iska. Koridoras da yawa ba sa son digiri 30. In akwai duwatsun zeolite a matatarka, ka cire su, gishiri yana sa su saki gubar amoniya da suka tsotse daga ruwa.

Hajiya Mai Tetra: Ɗana, kana da wani tankin? Ka raba su. Molli su sha gishirin Baba, koridoras a yi musu rabin awon magani, kana zuƙe dattin ƙasa kullum.

Baba Mai Koi: Rabawar na yarda da ita. Amma ni ko koridoras ɗin zan gwada musu gram 1 a lita, in zuba ido.

Hajiya Mai Tetra: Ni dai ba zan gwada ba, Baba.

Sabon Shiga: Ina da ƙaramin tanki na lita 40. Zan mayar da koridoras can yau da daddare. Ragar kamun ma daban zan yi wa kowane tanki?

Ɗalibin Dabbobi: Daban, har bokiti da tiyo.