Batirin wayata na zuba tun da na sabunta manhaja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin waya ku taimaka mini.

Kwana 9 ke nan da wayata ta nemi in sabunta babbar manhajarta, na danna na amince. Tun daga ranar batirin ya lalace. Mai ƙarfin 5000mAh ne, a da in na cika shi da asuba yakan kai ni isha'i, yanzu kafin azahar ya koma kashi 20. Jiya na kwanta yana 85, na tashi na tarar da 51, ko taɓa ta ban yi ba. Bayanta kuma zafi rau, kusa da kyamara.

An ce mini bayan sabuntawa waya takan yi kwana biyu ko uku tana sake tsara fayiloli, sai ta daidaita. Na jira, shiru. Na rage hasken fuska, na kashe bulutut da GPS, na hana manhajoji aiki a ɓoye. A saitin batiri, tsarin wayar kansa ne ke kan gaba wajen ci.

Da ita nake karɓar odar ɗinki, wuta kuwa sai dare muke samu. Shin in na goge komai na mayar da ita kamar sabuwa za ta gyaru, ko batirin ne ya mutu? Akwai hanyar komawa tsohuwar manhajar ba tare da na rasa hotunan kwastomomina ba?